Filin Tambayi Kafinta: Tirena ya ƙi ba ni yanka a sikwaya

Saƙon farko na wannan makon daga wani kafinta ne a Kano, wajen 'yan katako na Na'ibawa, ga abin da ya ce:

"Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da injin yanka na tebur, irin wanda zarto ke leƙowa ta tsakiya, na haɗa masa tire na filawud mai ƙafa biyu da ke bin kwaroron tebur, da majingina a baya inda katako ke jingina, don in riƙa yankan gicciye. Da farko lafiya lau, amma yanzu duk abin da na yanka in na ɗora sikwaya, ma'aunin kusurwa, sai in ga haske ta gefe ɗaya, ƙofofin kabad ɗin kicin da na yi wa wata Hajiya sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da filen kafin su zauna. Na kwance majinginar na sake ɗaurawa har filawud ɗin ya cika da huji, abu ya ƙi. Dan Allah ina matsalar take?"

Wa alaikumus salam Oga, Allah ya ƙara kasuwa. Toh ka ajiye sukudireba tukuna, kar ka ƙara huda filawud ɗin nan. Kusan kowa haka yake yi, da ya ga yanka ya karkace sai ya afka wa majingina, alhali ita ce ta ƙarshe a layi, akwai abubuwa a gabanta da in ba ka kawar da su ba ko ka kwana kana juya ta ba za ka taɓa gane ko ta daidaita ba.

Fara da sikwayar ita kanta. Wallahi da yawa daga cikin na kasuwa ba su cika digiri 90 ba tun daga kwali, wacce ta cika kuma in ta faɗo daga benci kan siminti shikenan. Samu falanki mai miƙaƙƙen baki, jingina ta ka ja layi da fensir mai tsini, ka kifa ta ɗaya gefen ka sake jan layi daga wuri guda. In layukan sun hau kan juna sikwayarka lafiyarta lau, in sun buɗe kamar almakashi to ita ke yi maka ƙarya, kuma buɗewar da ka gani ninki biyu ce na karkatar da ke jikinta.

In ta tsallake, ga tambayar da ba ka amsa a saƙonka ba, kuma a kanta komai yake: karkatar iri ɗaya ce kullum, ko yau ta yi dama anjima ta yi hagu? Ɗauki guntayen filawud guda huɗu ko biyar masu faɗi, ka yanka su a jere, ka auna kowanne. In duk hasken a gefe ɗaya yake kuma girmansa ɗaya, toh laifin majingina ne, za mu zo kanta. In kuwa wannan ya fito daidai, wancan ya karkace, na uku ya karkace ta wani gefen daban, to akwai abin da ke motsi a lokacin yanka, kuma majingina ba ruwanta.

Abin da ya fi motsi shi ne ƙafafun tire. Kashe inji, cire filogi, ɗora tiren a kwaroronsa ka kama kusurwa biyu ka gwada murɗa shi hagu da dama. In ka ji ƙas-ƙas ko kaɗan ne, ka kama ɓarawonka. Ka gwada a farkon tafiya, a tsakiya, da ƙarshe, saboda kwaroro ma yana cinyewa a inda aka fi gurza shi, kuma a farkon tafiya da tiren yake rataye rabi a waje nan wasan ya fi yawa. Kar ka raina shi, rabin digiri kacal a katako mai faɗin santimita 30 yana ba da tazarar milimita 2.6, a ƙofar kabad mai santimita 60 ya wuce milimita 5, wannan ko makaho ya shafa ya ji.

Na biyu garin katako. Yana taruwa a lungun da majingina ta haɗu da tire, ɗan ƙwaya ɗaya ya shiga bayan katako ya ɗaga gefe ɗaya, an gama. Hurawa da baki tana yi amma mutum yana mantawa in aiki ya yi yawa, gara ka zabge ƙasan fuskar majinginar kaɗan, kamar milimita 2 ko 3 tsawonta duka, garin ya samu wajen shigewa.

Na uku katakon da kake yankawa yana zamewa. Zarto yana jan katako zuwa kansa ko ya ture shi, musamman dogo mai nauyi da ya leƙa waje babu abin tallafa masa, ko filawud mai fuskar fomaika mai santsi, kai kana ganin ka riƙe gam shi kuwa yana tafiya a hankali. Manna samfefa siririya a fuskar majingina, tsawonta duka ba gefe ɗaya ba, ko ka sa kilam, wato ƙarfen matse katako, ka matse. Zarton da ya dakushe ko ya tara danƙon itace yana ƙara wannan, don dole ka riƙa dannawa da ƙarfi, shi kuma faifan zarton yana lanƙwasa. Zarto mai haƙori 24 na tsaga ne, yankan gicciye a faifai mai inci 10 yana son haƙori 60 zuwa 80. Haka in a kan ƙaramin janareta kake kuma kana jin muryar motar injin tana faɗuwa in katako ya shiga, rage hannu, bar zarton ya ci da kansa.

Sai wani abu da bai shafi inji ba sam: bakin katakon da ka jingina. In bakin nan ba miƙaƙƙe ba ne, ya yi ciki ko ya yi doro kamar yadda falankin kasuwa yake zuwa, to yanka zai bi shi. Ka fara miƙar da baki ɗaya, ka yi masa alama, kullum shi za ka jingina kuma a kansa za ka ɗora sikwaya. Mutane na jingina baki ɗaya a inji su auna daga ɗayan, su ce tire ya lalace. Ita ma majinginar ka ɗora mata rula ta ƙarfe ka haska tocila ta baya, in ta yi baka ba saitin da zai gyara ta, sai dai ka sake wata, kuma wacce ba ta saurin bauɗewa ita ce ta filawud mai milimita 18 yanki biyu ko uku da aka manne da gam aka bari ya bushe a matse a kan wuri mai lebur.

Toh duk wannan ya wuce, karkata tana nan gefe ɗaya kullum. Yanzu ne za a taɓa majingina, kuma nan ne nake da ja da yadda yawancin mu ke yi, wato a kafa sikwaya a jikin faifan zarto a daidaita majingina da ita. Layin yanka ba faifan yake bi ba, hanyar da tire ke tafiya yake bi. Ko da faifan ya ɗan kauce wa kwaroro, tiren zai wuce da katako a miƙe ne, abin da za ka gani shi ne ƙuna a bakin yanka da shatar haƙoran baya da tsaga mai faɗi. Don haka da hanyar tafiya ake daidaita majingina, kuma ba abin da ke nuna hanyar tafiya kamar yankan kansa.

Gwaji mai sauri: katako mai miƙaƙƙun baki biyu, faɗinsa ɗaya daga kai zuwa kai, yanka shi biyu, kifa rabi ɗaya, haɗa bakunan yanka a jikin rula. Buɗewar da ka gani ninki biyu ce. Wannan ya isa aikin benci da tagogi. Amma mai yin kabad da durowa gara ya koyi yanka biyar, dabarar da wani malamin kafinta a Kaliforniya ta Amurka, William Ng, ya yaɗa a YouTube, ita ninki huɗu take nuna maka, ko ƙaramar karkata ba ta ɓuya.

Ga yadda take. Ka daure majinginar da sukuru ɗaya a can ƙarshen dama, shi ne zai zama wajen juyawa, da ɗaya na wucin gadi a ƙarshen hagu. Samu filawud kamar santimita 40 kowane gefe, rubuta 1, 2, 3, 4 a gefunansa. Ajiye shi a hagun zarto ka ɗan aske gefe na 1. Juya shi yadda hannun agogo ke tafiya, gefen da ka yanka yanzu ya dawo jikin majingina, aske na 2, haka na 3, haka na 4, kullum sabon yanka ne ke jingina, kuma kana share gari kowane juyi. Yanka na biyar ka dawo kan gefe na 1, wannan karon ba askewa ba, fitar da siririn yanki kamar santimita 1 da ɗan wani abu, kuma kafin ka ɗaga shi yi masa alama a kan da ke nesa da kai, in ya juye a hannunka ka rasa gaba da baya sai ka sake daga farko.

Auna faɗin kawunan biyu da ma'aunin kauri mai baki biyu irin na makanikai da masu juya ƙarfe, tef ba zai yi ba. A ce kan nesa ya ba ka 12.8, na kusa 12.0, bambanci 0.8. Raba shi huɗu, 0.2. Raba da tsawon yankin, milimita 400, ya ba ka 0.0005. Sai ka auna daga sukurun juyawa zuwa inda za ka tura a hagu, a ce milimita 600, ka ninka, ya fito 0.3. Kaga duk wahalar nan milimita 0.3 ce za ka matsar, abin da hannu da ido ba za su taɓa cafkewa ba, shi ya sa filawud ɗinka ya cika da huji.

Gefen da za a matsar: in dai yadda na faɗa ka ajiye, katako a hagu, sukurun juyawa a dama, to in kan nesa ya fi faɗi ka jawo ƙarshen hagu zuwa gare ka, in kan nesa ya fi siranta ka tura shi gaba. Yadda za ka matsar daidai kuwa, ari fila-geji wajen makanike, siraran ƙarafan nan da ake saita bawul da su. In gaba za ka tura, sa ganyen 0.3 a fuskar majingina, matso da guntun katako mai tsini ya taɓa shi, matse guntun da kilam a jikin tire, zare ganyen, kwance sukurun hagu, tura majingina har ta taɓa tsinin. In baya za ka ja, fara matse guntun yana taɓa majingina, sannan ka ja ta baya har ganyen ya shige tsakani ɗaf. Matse da kilam, huda sabon rami, kar ka koma tsohon ramin ko kusa da shi, sukuru zai ja ta ya mayar da ita inda ta fito. Sake yanka biyar. In bambancin kawunan ya sauko kamar 0.1 ka bar shi haka, katako ne ba agogo ba, sa sauran sukurorin. Ni ban ba da shawarar gam a majingina ba, wata rana za ka so ka sake saiti.

Tambaya ta biyu daga Damagaram take: "Malam, tirena da damina sai na sa ƙirji nake tura shi, da hunturu kuma yana rawa, ƙafafun na katako ne. In sake su ne?"

Ɗan uwa wannan halin katako ne, yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma a faɗi yake yin haka ba a tsawo ba. A ƙasarmu abin ya fi tsanani, danshin iska yana sauka ƙasa da kashi 20 a tsakiyar rani ya haura 70 a watan Agusta, kwaroron ƙarfe kuwa yana nan yadda yake, a yawancin injinan waje masu girma faɗinsa milimita 19 zurfinsa 9.5. In za ka sake ƙafa ta katako, samu busasshe mai tauri irin maɗaci ko ƙirya, kar ka sa farin katako mai laushi, sannan ka duba kan sandar, layukan itacen su tsaya a tsaye ba a kwance ba, ta haka kumburin faɗi yake raguwa kusan rabi. Kar ƙafar ta taɓa ƙasan kwaroro, bar mata ɗan sarari. Wanda ya samu farar roba mai tauri irin ta allon yanka nama, ko sandar alminiyam, ya huta da wannan gaba ɗaya, sai dai robar in ka matse sukuru da yawa tana buɗewa ta cije, wanda in ka iya da shi ma hanya ce ta cire wasa.

Kafin nan, da damina kar ka hau ta da filen, hunturu na zuwa za ka yi kuka. Goga fensir a gefunan ƙafar, tura tiren sau da yawa, inda baƙin ya goge nan ne ke cijewa, nan kaɗai za ka kankare kaɗan. Da hunturu manna tef na takarda a gefe ɗaya. Kuma goga kyandir a ƙasan tire da ƙafafun, ba baƙin mai ba, mai yana kama gari kuma yana ɓata katakon mutane, fenti ya ƙi kamawa.

Wani kuma daga Kaduna ya ce injinsa haɗin gida ne, mai walda ya ƙera masa da mota da bel, tebur ɗin ba kwaroro ko ɗaya, yana tambaya ko tire zai yi masa.

Zai yi Alhaji, sai dai ƙafafun za su rungumi bakin tebur ta waje ne, ɗaya dama ɗaya hagu. Sharaɗin shi ne bakunan biyu su kasance a layi ɗaya, auna faɗin tebur a gaba da tsakiya da baya, in lamba ta bambanta tiren zai cije a wani wuri ya yi rawa a wani, kuma walda tana jan ƙarfe in ya huce, da wuya ka samu tebur ɗin haɗi da ya fito cif. Mafita ka ɗaura ƙarfe mai kusurwa miƙaƙƙe a gefe ɗaya da noti, ba walda ba, ka faɗaɗa ramukan kaɗan don ka iya saita shi da faifan zarto, auna daga haƙori guda a gaba, juya wannan haƙorin baya ka sake aunawa. Sai tiren ya bi wannan ƙarfen shi kaɗai. Kafin duk wannan kama faifan, inji a kashe, ka girgiza shi gefe da gefe, in yana wasa boris ya tafi ko woshoshin da ke matse shi ba lebur suke ba, kuma tire ba ya maganin wannan.

Akwai mai tambayar da ya ce nasa yankan a faɗi daidai yake fitowa, amma in ya tsayar da katakon a kan bakin yanka sai ya jingina. Wannan faifan ne bai tsaya a 90 da tebur ba. Ɗaga shi sama duka, kafa sikwaya a jikin faifan tsakanin haƙora kar ta hau kan haƙori, kuma ka auna daga saman tiren ba daga tebur ba, don in gindin tire ya yi doro ko gari ya shiga ƙarƙashinsa katako a karkace yake zaune. Lambar digiri da ke gaban inji kar ka yarda da ita.

Na ƙarshe wani yaron shago ne, ya ce yana son guntaye masu tsawo ɗaya sai ya matso da shingen tsaga, wanda katako ke bi in ana tsaga shi a tsawo, ya zama abin tokarewa, katako ya taso ya wuce ta gefen kunnensa, ogansa ya yi masa faɗa bai gaya masa dalili ba.

Ƙanena ka gode wa Allah, kuma ogan naka ya yi daidai. Guntun da ya rabu yana maƙalewa tsakanin shinge da zarto, da ya ɗan juya haƙoran baya su ɗauke shi su harbo. Abin tokarewa a jikin majinginar tire ake matse shi da kilam, kuma ɓangaren da ke tsakaninsa da zarto shi za ka danne har zarto ya gama, in gajere ne da hannu zai kusanci haƙora ka danne da wani katako ko kilam. In dole sai da shinge, matse masa guntun katako can baya kusa da kai, katako ya taɓa shi ya ɗauki awo, ya rabu da shi kafin ya isa zarto. Sannan ka duba bayan majinginarku inda zarto ke ɓullowa a ƙarshen yanka, daidai nan babban yatsa yake son zama, in babu tubalin katako mai kauri da ya rufe wajen ka ce wa Oga a manna shi kafin a kunna injin gobe, a shafa masa jan fenti.